Manhajar Ƙidayar Jariran da Suka Rasu: Abin da Ma'aikatan Lafiya Ke Cewa

A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, an haifi jarirai kusan miliyan 1.9 babu rai a shekarar 2021, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan irin wannan rashi. Da yawa daga cikinsu ba a rubuta su a ko'ina ba. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba za a binciki abin da ya yi ajalinsa ba. Wannan ne ya sa asibitoci suka fara komawa ga manhaja.

Yadda tsarin yake aiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba rashin gida biyu. Akwai jaririn da aka haifa babu rai bayan ciki ya kai mako 28, akwai kuma wanda aka haifa da rai ya rasu cikin kwana 28 na farko. Tsarin da ake kira MPDSR shi ne ke bin diddigin duka biyun, tare da mutuwar mata wajen haihuwa: a gano, a kai rahoto, kwamiti ya zauna ya duba dalili, sannan a ɗauki mataki.

Manhajar da aka fi sani a wannan fanni ita ce DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gininta. Kyauta ce, ƙasashe sama da 70 na amfani da ita, har da Najeriya. Ungozoma ko jami'in bayanai zai shigar da nauyin jariri, makonnin ciki, lokacin da ya rasu da dalili, a waya ko kwamfuta. Nau'inta na Android yana aiki ko babu intanet, yana ajiye bayanan har a samu sabis.

Abin da suke yabawa

Rahoton da a da yake jiran ƙarshen wata yanzu yana isa hedikwata da wuri. Takarda tana yagewa, tana jiƙewa, rubutun wani ba ya karantuwa. Manhaja kuwa tana iya ƙin karɓar fom idan an bar gurbi, ko an rubuta nauyin da ba zai yiwu ba.

Abin da suke kuka da shi

1. Aiki biyu. A wurare da dama ba a daina rijistar takarda ba, don haka ungozoma za ta rubuta a littafi, ta sake shigarwa a waya, ga mata masu naƙuda suna jira.

2. Wuta da data. Idan babu caji, ko sai ma'aikaci ya sayi data da kuɗinsa, ana tara fom sai an samu hali. Bayanin da aka cike bayan mako guda, rabinsa tuna-baya ne.

3. Tsoron ɗora laifi. Ƙa'idar MPDSR ita ce ba a kama suna, ba a zargin kowa. Amma kowane ma'aikaci da sunansa yake shiga manhaja, kuma ya san ana gani. Mai jin tsoro zai iya rubuta jaririn da ya yi numfashi na ɗan lokaci a matsayin wanda aka haifa babu rai. Wannan kuskuren yana karkatar da gyara: maimakon a sayi kayan farfaɗo da jarirai a koya wa ma'aikata amfani da su, sai a ɗauka matsalar tun daga ciki take.

4. Shiru daga sama. Suna turawa, ba sa ganin abin da ya biyo baya. Idan wata shida suka wuce ba a ƙaro ma'aikata ko jini ko janareta ba, gwiwa sai ta yi sanyi.

5. Haihuwar gida. A arewacin Najeriya mata da yawa a gida suke haihuwa, kuma akan binne jariri a ranar. Manhajar asibiti ba ta ganin waɗannan.

Darasi ga mai son gina irin wannan manhaja

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka je ɗakin haihuwa ka ga yadda ake aikin dare. Fom ya zama gajere, ya bi jerin littafin da suka saba da shi. Ya yi aiki ba intanet, a ƙaramar waya. A raba sunan mai shigarwa da rahoton da kwamiti zai gani. A ɓoye sunan uwa, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Sannan manhajar ta nuna wa ungozoma alƙaluman asibitinta, ta ga inda aka samu sauƙi.

Burin da ƙasashe suka amince da shi a 2014 shi ne kafin 2030 kada a wuce jarirai 12 da ake haifa babu rai a cikin kowace haihuwa 1,000. Mai son gwada hannunsa zai iya farawa da KoboToolbox ko ODK, ya haɗa fom na gwaji da bayanan ƙarya, ya ba wata ma'aikaciyar lafiya ta cike, ya duba minti nawa ya ɗauke ta.