Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sama, Me Ya Rage wa Matuƙi?

A makon jiya, bayan na dawo daga ɗakin gwaji a nan Jidda, na kunna Microsoft Flight Simulator, na ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da kujeru huɗu, na tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Da na kai ƙafa 400 sai na kashe injin da gangan, na juya zan koma titin da na baro. Sau biyar ina gwadawa, sau biyar ina tarwatsewa. Ni ba matuƙi ba ne, injiniyanci nake karantawa, shi ya sa na koma kan lissafi don in gano inda nake kuskure.

Abu na farko, jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse. Fukafukai ne ke riƙe shi, muddin iska na ratsa su da isasshen gudu. Cessna 172 tana tafiyar kusan mita 9 gaba a duk mita 1 da ta sauko, idan an riƙe ta a kan gudun kilomita 125 a awa. Ke nan daga ƙafa 3,000 kana da kusan kilomita 8 da minti huɗu. Daga ƙafa 400 kuwa, kilomita ɗaya da ɗan ɗoriya, da kusan daƙiƙa 30. Tsayinka shi ne batirinka, kuma babu caja.

To me ya hana ni komawa? Juyawa tana cin tsayi, kuma idan ka karkata jirgi, gudun da yake buƙata don kada fukafukai su sake shi yana ƙaruwa: kashi 19 cikin ɗari a karkatar digiri 45, kashi 41 a digiri 60. Ga ƙasa na matsowa, hannu na son ɗaga hancin jirgi. Da ka ɗaga, gudu ya ragu, fiffike ɗaya ya saki, jirgi ya kife. Nan ne ake rasa rayuka. Shi ya sa ake koya wa ɗalibai: idan inji ya mutu kana ƙasa-ƙasa, sauke hanci nan take, ka nemi fili a gabanka.

A ranar 5 ga Maris 2015, injin tsohon jirgin ɗan wasan Amurka Harrison Ford ya mutu jim kaɗan da tashinsa daga Santa Monica. Ya haura ƙafa 1,000, ya juyo, amma duk da haka bai kai titin ba. A filin wasan golf ya sauka, ya ji rauni, ya rayu. Bincike ya nuna wani ɗan ƙarfe ne ya kwance a cikin kafireta.

Idan akwai tsayi, ga tsarin. Saita gudu tukuna. Zaɓi wurin sauka, ka fuskanci iska. Sannan ka gwada tada injin: sauya tanki, duba makunni, buɗe wa kafireta iska mai zafi, don ƙanƙara na iya toshe ta ko a rana mai ɗumi idan akwai laima, irin wadda Jidda ta yi suna da ita. In ya ƙi, kira Mayday a mita 121.5, sa lamba 7700, rufe mai, sassauta ƙofa kada ta maƙale. Ka taɓa ƙasa da mafi ƙarancin gudu, domin idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninki huɗu yake yi.

Sai dai yawancin matsala tun a ƙasa take farawa: man da bai isa ba, tankin da aka manta a sauya, ruwa a cikin mai. Mu 'yan Arewa muna da darasi mai ciwo a garin nan. A ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin DC-8 ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato ya tashi da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. Suka fashe, wuta ta kama, ya faɗi yana ƙoƙarin komowa, mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Babban jirgi ne, kuma ba inji ne sanadi ba, amma abin da aka ɗauka ƙarami a ƙasa ne ya girma a sama.

A gwaji na shida ban juya ba. Na sauke hanci, na miƙe, na sauka a fili gabana, jirgin ya tsaya lafiya. Mai manhajar ya gwada daga ƙafa 400, 800 da 1,200, ya rubuta abin da ya gani. Mai niyyar zuwa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya kuma, ya fara riƙe wannan lissafin tun yanzu.