Darasi: Dinari Biyu na Basamariye

'Yan'uwa cikin Kristi, a Luka 10:25-37 Basamariye bai tsaya ga ɗaure raunuka kaɗai ba. Ya ba mai masauki dinari biyu domin jinya ta ci gaba. Daga 2013 dubban masu gudun hijira daga Borno suka sami mafaka a Minawao, kusa da Mokolo a Kamaru. Ma'aikatan lafiya na bakin iyaka su ne masu masaukin zamaninmu. Dinarinmu kuwa sabulu ne, da gidan sauro, da gishiri da sukari. Ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta kan ceci yaro mai gudawa. Bari kowace zumunta ta tara nata, ta miƙa ta hannun Fada. Ubangiji ya karɓi baikonmu. Amin.