Kafin ka ɗaura harami: magana da maniyyaci mai shan haɗaɗɗiyar ƙwayar ciwon suga

A wurin bita ana koya wa maniyyaci yadda zai ɗaura harami, da abin da ke ɓata ɗawafi, da yawan tsakuwar da zai tsinta a Muzdalifa. Ba kasafai ake tsayawa a kan 'yar ƙwayar da ke aljihunsa ba, wadda yake haɗiya safe da yamma shekara da shekaru. Alhali ga babban mutum mai ciwon suga, musamman wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ɗaya mai ɗauke da magani biyu, wannan ƙwayar tana cikin abubuwan da za su sa ya yi tsayuwar Arfa da ƙafafunsa, ko kuma ya yi ta kwance a motar asibiti.

Likita ya auna maka maganin ne da rayuwarka ta gida: koko da ƙosai da safe, tuwo da dare, ɗan tattaki zuwa masallaci ko kasuwa, ruwa kuma yana kusa duk sa'ad da ƙishi ya taso. A Makka wannan lissafi rushewa yake yi. Abinci ba ya zuwa a kan kari, tafiyar ƙafa ta ninka ta ƙara ninkawa, rana kuma ta matse ruwan jiki. Ita ƙwayar ba ta san ka bar gida ba, aikin da aka ɗora mata shi za ta ci gaba da yi. Kuma tunda magani biyu ne a dunƙule, ba ka da ikon shan rabin da zai amfane ka yau, ka ajiye rabin da zai cutar da kai.

Don haka abu na farko, ɗauko kwalin ka duba, ko ka sa ɗanka ya duba maka. Ƙarƙashin babban sunan kamfani akwai ƙananan sunaye biyu da lambobi biyu. Kusan kullum ɗaya daga ciki metformin ne. Aikinsa rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, kuma shi kaɗai ba ya cika kayar da suga ƙasa. Raunin metformin yana wajen ƙoda, domin ta nan yake fita daga jiki. Idan ruwa ya ƙare a jiki, ƙoda ta yi sanyi da aiki, sai ya taru, a wasu lokuta har ya jawo tsamin jini mai hatsari. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru yana kisa.

Sunan na biyu shi ne ke bambanta alhaji da alhaji. Idan ka ga glibenclamide, kamar a Glucovance, ko glimepiride, kamar a Amaryl M, to, kana cikin waɗanda wannan rubutu ya fi shafa. Wannan dangin magani yana tilasta wa jiki ya saki insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. A gida hakan ba komai, don tuwo na jiran sa. Amma wanda ya haɗiyi Glucovance da asuba da kofin shayi kawai, ya shiga ɗawafi zagaye bakwai cikin cunkoso, ya zarce Safa da Marwa, wadda ita kaɗai ta kai kusan kilomita uku, ya haɗa wa kansa duk abin da ake bukata don suga ya faɗi. Glibenclamide ya fi sauran muni a nan, domin yana daɗewa a jiki, ga dattawa da masu raunin ƙoda kuwa abin ya fi tsanani.

Idan kuwa sitagliptin ka gani, kamar a Janumet, ko vildagliptin, kamar a Galvus Met, nauyinka ya ragu, don waɗannan ba sa cika sauke suga fiye da kima. Abin lura a kansu kaɗan ne: ciwon ciki mai tsanani da ke sokawa har baya, wanda bai lafa ba, a daina sha a nufi asibiti. Sai dangi na uku, empagliflozin a cikin Synjardy da dapagliflozin a cikin Xigduo, masu fitar da suga ta fitsari. Magunguna ne masu kyau ga zuciya da ƙoda, amma suna tafiya da ruwan jiki, suna jawo ƙaiƙayin gaba, kuma suna iya jawo wani nau'in tsamin jini alhali na'urar gwaji tana nuna suga bai hau sosai ba. Mai shan su, in ya ji tashin zuciya da amai da numfashi sama-sama, kada lambar na'ura ta yaudare shi.

A ganina, babban abin da maniyyaci zai yi wa kansa shi ne ya ga likitansa wata ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi, ba ana gobe za a shiga sansanin alhazai ba. Gwajin da hukumar alhazai ke yi na tantancewa ne, ba zai maye gurbin zama da wanda ya san tarihin ciwonka ba. Ka nemi a yi maka gwajin ƙoda da gwajin nan mai nuna matsakaicin suganka na wata uku. Idan ma'aunin aikin ƙoda ya gaza 30, ba a shan metformin sam. Tsakanin 30 da 45 rage shi ake yi. Sannan ka yi masa tambayar kai tsaye: "Likita, ko za a raba mini wannan ƙwayar gida biyu saboda kwanakin Mina da Arfa?" Sau da yawa amsar ita ce e. Zai iya ba ka metformin daban, na biyun daban, ya ce ranar tafiya mai yawa ka rage wannan ko ka bar shi. Zai iya sauya glibenclamide da gliclazide, ko da wani wanda ba ya kayar da suga. Amfanin zuwa da wuri shi ne a gwada sabon tsarin kana gida, a ga yadda jikinka ya karɓe shi. Mina ba wurin gwajin sabon magani ba ce.

Ka roƙe shi ya rubuta maka takarda da sunayen magungunan na asali da ƙarfinsu, ba sunan kamfani kaɗai ba. Glucovance mai 500/2.5 daban yake da mai 500/5, kuma lambar ƙarshen nan, da ta ninka, ita ce mai kayar da mutum. Ka ɗebi abin da zai ishe ka dukan zamanka, ka ƙara na mako biyu, don jirgin dawowa yakan yi jinkiri. Ka bar su cikin kwalayensu. Jami'an filin jirgin Jidda da na Madina ba sa wasa da ƙwayoyin da ba a san asalinsu ba, saboda haka kada ka juye su a leda, kada kuma ka karɓi saƙon maganin kowa. Yawancinsu su zauna a jakar hannu, kaɗan a babbar jaka. Ƙwayoyin ba sa bukatar firji, amma ba sa son zafin da ya wuce maki 30, haka ma tsinken gwaji, don haka kada a bar su a motar da ke tsaye cikin rana.

Batun agogo ba shi da wuya. Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Ghana da awa uku. Da ka sauka, ka bi lokacin abincin can. Ƙa'idar dai ita ce ƙwaya ta bi abinci. Ba a shan ta don lokaci ya yi alhali kwano bai iso ba. Idan ka manta ta safe har ta dare ta gabato, ta safen ta wuce ke nan, ba a haɗa biyu. Wadda aka rubuta XR a kwalinta a haɗiye ta ɗungurungum, ba tauna ba rabawa.

Kwanakin da suka fi bukatar hattara su ne daga 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13. Ranar Arfa zafi ne da dogon jira. Daren Muzdalifa a fili ake kwana, wasu ma a mota ko a ƙafa suke cinye shi, ba abincin kirki. Ranar sallah kuma ita ce mafi nauyi: tafiya zuwa jifa da dawowa, ga wanda tantinsa ke nesa kilomitoci ne masu yawa, sannan wasu su ɗora da ɗawafi da sa'ayi a wuni guda. A Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu. Aikin Hajji yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, amma Makka ba ta san sanyi irin na hunturunmu ba.

A waɗannan kwanaki faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kayar da mutum. Alamunta karkarwa ne, da gumi mai sanyi, da bugun zuciya, da yunwa ta farat ɗaya, da jiri, da ruɗewar magana. Wani sai ya kama faɗa ba gaira ba dalili, abokan tafiya su ce Alhaji ya cika zuciya, ashe suga ne. Masu shan maganin hawan jini irin su atenolol ma ba lallai su ji karkarwar ko bugun zuciyar ba, gumin ne kawai zai tona. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 ga na'urar da ke lissafi da ƙananan lambobi, ka nemi gefe ka zauna, ka sha ƙaramin cokali uku na suga a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ko ka ci dabino uku. Bayan minti 15 ka sake gwadawa. In bai tashi ba ka maimaita, in ya tashi ka bi da burodi ko biskit. In babu na'ura a kusa kuma ba ka san ko rana ce ta buge ka ko suga ne ya sauka ba, ka sha zaƙin, ka nemi inuwa. Ko a tsakiyar ɗawafi ne ka fita, malamai sun yi bayanin yadda mai uzuri zai cika. Wanda ke shan glibenclamide ko glimepiride, ko ya farfaɗo, ya je a duba shi, don maganin na nan a jiki kuma faɗuwar takan dawo bayan 'yan awoyi. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a kira motar asibiti a 997, ko a tare jami'in da ke kusa.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an shirya. Dabino da ƙullin suga da na'urar gwaji su zauna a jakar ƙugu ko ta wuya, ba a tanti ba. Kafin ka fita ɗawafi ko jifa ka gwada, in ka ga ƙasa da 100 ka ci wani abu tukuna. Huda yatsa don gwaji ba ya ɓata harami. Sannan ka gaya wa abokin ɗakinka. Mutanenmu suna da ɓoye ciwo, wani ma tsoro yake ji kada a hana shi tafiya. Amma wanda zai cece ka a Mina shi ne wanda ya san ciwonka da inda ka ajiye dabinonka. Ɗan kati a wuya, kusa da katin Nusuk, mai cewa kana da ciwon suga da sunan maganinka, zai yi magana ranar da bakinka ya kasa.

Sai ruwa. Akwai wata dabara da alhazai, musamman mata, ke yi a Mina: su rage shan ruwa don gudun layin banɗaki. Hajiya, ga mai shan metformin, balle mai shan Synjardy ko Xigduo, wannan dabara hatsari ce. A sha ruwa kaɗan-kaɗan ba sai an ji ƙishi ba, a riƙe laima, a duba fitsari: in ya yi ja ya yi kaɗan, jiki na neman ruwa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, shi ya bi abin da aka gaya masa. In kuwa gudawa ko amai ya kama ka har ba ka iya riƙe ruwa, a nan ma za ka dakatar da ƙwayar da kanka, ka nufi asibiti, ka riƙa gwada suga. Ba a komawa kanta sai an yi kwana ɗaya ko biyu ana ci ana sha kamar da.

Tari da mura kusan ba wanda ke tsallake su a Makka, kuma daga nan wata matsalar ke shigowa, don a ɗakin alhazai kowa likita ne. Ciprofloxacin da Septrin, da ake miƙa wa juna kamar goro, suna ƙara wa glibenclamide ƙarfi har suga ya faɗi. Ibuprofen da diclofenac, da ake sha don ciwon ƙafa, suna taɓa ƙoda a jikin da ba ruwa. Paracetamol ya fi aminci. Dexamethasone yana hau da suga sama. Wani kuma maganinsa ya ƙare, sai maƙwabci ya ba shi Glucophage ko Daonil ya haɗa da ragowar nasa, bai san metformin ne da glibenclamide a wani suna ba, ya sha ninki biyu. Asibitocin gwamnatin Saudiyya a Makka da Madina da Mina da Arfa kyauta suke duba alhazai, hukumar alhazan Nijeriya ma tana buɗe nata wuraren shan magani, ga lambar 937 ta ma'aikatar lafiya. Ba dalilin shan na aro.

Zamzam ka sha, ka yi addu'ar samun lafiya, amma kada ka ajiye maganinka a kansa. Dabinon ajwa albarkarsa ba ta cire masa zaƙi ba, uku a lokacin bukata magani ne, kwano guda bayan shinkafar bukhari kuwa lodi ne. Haka lemon kwali da ake rabawa sadaka a hanya: ka karɓa ka ajiye don ranar da suga ya sauka. In na'ura ta nuna sama da 300 ta ƙi sauka, ga ƙishi ga yawan fitsari, asibiti za ka. Mai niyyar maye gurbin hadaya da azumi, kwana uku a can bakwai a gida, ko mai zuwa Umra a watan Ramadan, ya faɗa wa likita tun a gida, domin azumi a kan glibenclamide wani tsari ne daban.

Ƙafa ma kada a manta da ita. Wanda ciwon ya kashe wa ji a tafin ƙafa yana iya taka kwalta mai zafi bai sani ba, sai dare ya ga ƙuna. In takalminka ya ɓace a ƙofar Harami, ka tsaya a inuwa a sayo maka wani. Ka sa shi a jaka ka shiga da shi, kuma kowane dare ka duba tsakanin yatsunka. Ranar da jiki ya ƙi, akwai keken turawa da ƙananan motocin lantarki na ɗawafi da sa'ayi, kuma mara lafiya yana iya wakilta wani ya yi masa jifa.

Ɗa ko 'ya da ya biya wa tsohonsa kujera bana, aikinka bai ƙare a banki ba. Ka ɗauki kwalin maganin Baba ko Inna, ka kai su wurin likita da kanka, a rubuta abin da za su sha ranar Arfa da ranar sallah, ka karanta musu shi da Hausa har ya zauna, sannan ka nemo wanda za su zauna ɗaki ɗaya ka gaya masa.