Sanin Irin Fatar Jiki Da Yadda Ake Kiyaye Ta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya suturta naman ɗan Adam da ƙashinsa da fata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi fatar jiki: yadda mutum zai gane irin tasa, da yadda zai kiyaye ta, da kuma inda wannan al'amari ya haɗu da hukunce-hukuncen tsarki.

Duk mazaunin birnin Zariya ya san aikin hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan taso daga hamada, busasshiya, ɗauke da ƙura, har hazo ya rufe Dutsen Kufena. A lokacin ne za a ga almajiri a Unguwar Juma ko Limancin Kona ƙafafunsa sun yi furu-furu, leɓensa ya tsage. A lokacin ne kuma dattijon da ke sammakon sallar asuba kan ji zafi idan ruwan alwala ya shiga fason da ke diddigensa. Musulmi yana sa ruwa a fuskarsa da hannuwansa da ƙafafunsa sau da yawa a yini, saboda haka ya fi kowa bukatar sanin halin fatarsa, domin kada tsabtar da aka umurce shi da ita ta koma masa ciwo saboda rashin sani.

YADDA FATA TAKE

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin mutum. Da za a shimfiɗa ta babban mutum, faɗinta zai kusa murabba'in mita 2. Hawa uku gare ta. Hawan sama shi ne wanda ido ke gani, yana kuma sabunta kansa a cikin kimanin mako 4. Na tsakiya shi ne mai jijiyoyin jini da na ji, da saiwar gashi, da 'yan jakunkunan da ke fitar da zufa da maiƙo. Na ƙasa kuwa kitse ne mai tare sanyi.

Maiƙon nan da fata ke fitarwa shi ne man shafawarta na asali. Yana hana ruwan jiki tsotsewa, yana kuma taimakawa wajen tare ƙwayoyin cuta. Jakunkunan maiƙo sun fi yawa a fuska da kai da ƙirji da gadon baya. A tafin hannu da tafin ƙafa kuwa babu su ko kaɗan. Wannan shi ne dalilin da ya sa kaushi da faso suka fi kama diddige, ko da a jikin mutumin da fuskarsa ke naso.

IRE-IREN FATA

Masana sun kasa fata kashi huɗu gwargwadon yawan maiƙonta, sa'an nan suka ƙara ta biyar saboda saurin kamuwarta. Ta farko ita ce busasshiya, mai ƙarancin maiƙo, wadda kan ɗaure bayan wanka, ta yi fari, wani lokaci ta yi ƙaiƙayi ko ɓawo. Ta biyu mai maiƙo ce, wadda kan yi ƙyalli tun kafin azahar, ƙofofin gashinta a buɗe, ita ce kuma ta fi yawan ƙurajen fuska. Ta uku gauraye ce: goshi da hanci da haɓa suna naso, kumatu kuwa a bushe. Ta huɗu matsakaiciya ce, babu bushewa babu naso. Ta biyar ita ce mai saurin kamuwa, wadda sabon sabulu ko turare kan sa ta raɗaɗi ko ƙuraje, tana kuwa iya haɗuwa da kowace daga cikin huɗun farko.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ba ta bukatar ko kwabo. Mutum ya wanke fuskarsa da sabulu marar ƙarfi, ya tsane ta da tsumma mai tsabta, kada ya shafa kome, ya jira kamar sa'a guda a inuwa. Sa'an nan ya ɗauki takarda marar kauri ya danna a goshi da hanci da kumatu, ya ɗaga ta ga haske. Idan ta yi naso ko'ina, fatarsa mai maiƙo ce. Idan nason a goshi da hanci kaɗai yake, gauraye ce. Idan babu naso, fuskar kuma ta ɗaure kamar an ja ta, busasshiya ce. Idan babu naso mai yawa, babu kuma ɗaurewa, to, matsakaiciya ce.

Ya kamata a yi wannan gwaji sau biyu a shekara, da hunturu da kuma damina, domin fata tana sauyawa da yanayi da shekaru. Saurayin da fuskarsa ke naso yana ɗan shekara 18, idan ya kai 60 zai tarar ta bushe, domin maiƙo yana raguwa da tsufa.

ABIN DA YA DACE DA KOWACE

Mai busasshiyar fata ya rage zafin ruwan wanka da daɗewa a cikinsa, domin ruwa mai zafi ƙwarai yana wanke maiƙon jiki kamar yadda yake wanke na kwano. Ya guji wanka da sabulun wanki, ya kuma sassauta dirzar soso. Sabulun salo ma iri-iri ne, wanda tokarsa ta yi yawa yana busar da jiki. Lokacin shafa mai shi ne da zarar an fito daga wanka, jiki da sauran danshi, domin aikin mai shi ne riƙe ruwan da ke cikin fata. Man kaɗe da man alayyadi da basilin duk suna wannan aiki, ana kuwa samunsu da araha a kasuwar birni da ta Tudun Wada.

Mai faso ya jiƙa ƙafarsa cikin ruwan ɗumi da dare, ya goge kaushin a hankali da dutsen goge kaushi, ya shafa man kaɗe ko basilin, ya sa safa ya kwanta. Kada ya yanke kaushi da reza. Mai ciwon sukari kuwa wajibi ne ya duba ƙafafunsa kowace rana, domin ciwon yana kashe jin ƙafa, ƙaramin faso ya zama gyambo mutum bai sani ba, har abin ya kai ga yanke ƙafa.

Mai maiƙo ya wanke fuska da sabulu marar ƙarfi safe da dare, ya nisanci shafa mai mai kauri a fuska, kada kuma ya matse ƙuraje. A baƙar fata ƙurji kan warke ya bar baƙin tabo na watanni, matsa shi kuwa ƙara tabon take yi. Mai gauraye ya shafa mai a kumatu ya bar goshi da hanci. Mai saurin kamuwa ya gwada kowane sabon mai a cikin dantsensa kwana biyu ko uku kafin ya kai shi fuska.

Da bazara da damina matsalar takan juya. Zufa da laima su ne ke kawo ƙurajen zufa da ƙyasbi da cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa. Maganin farko shi ne tufafin auduga marasa matsi, da rage mai, da tsane tsakanin yatsu bayan kowace alwala.

INDA AL'AMARIN YA SHAFI TSARKI

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malaman birni, kamar Ahalari da Ishmawi da Risala, sun tabbatar da cewa sai ruwa ya game gaɓa alwala ko wanka suke inganta, cuccuɗawa kuma farilla ce. Amma cuccuɗawa shafa hannu ne a kan gaɓa tare da ruwa ko bayan zuba shi. Ba a ɗora wa kowa dirza har fata ta yi rauni ba. Wankewa ta farko, idan ta game, ita ce farilla, ta biyu da ta uku falala ce, ƙari a kan uku kuwa abin ƙi ne, haka nan ɓarnar ruwa. Mai waswasi da ke maimaita wanke hannu sau bakwai ko goma ya saɓa wa koyarwar malamai, ya kuma cuci fatarsa. Ɗumama ruwa da hunturu ya halatta, haka nan tsane jiki da tsumma bayan alwala.

Game da man shafawa, malamai sun rarrabe tsakanin abin da ke da jiki, mai hana ruwa taɓa fata, da abin da alama ce kawai. Man da ya nutse ya bar santsi ba ya ɓata alwala. Wanda aka laɓta da kauri har ya daskare kamar kakin zuma, sai an gusar da shi. Launin lalle ba shamaki ba ne, amma jan farce na kwalba shamaki ne. Dabara mai sauƙi ita ce a shafa mai bayan alwala, mai kaurin kuma a bar shi sai bayan lisha. Wanda ke da rauni ko gyambo, yana tsoron ruwa zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta warkewarsa, an yi masa sauƙi ya yi shafa a kan raunin ko a kan abin da aka ɗaure shi da shi, idan kuma abin ya yawaita ya yi taimama bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana.

LAUNI DA MAN BILICIN

Launi dabam yake da irin fata. Abin da ke ba fata duhu shi ne wani sinadari mai suna melanin, shi ne kuma garkuwarta daga zafin rana. Zabiya ba shi da wannan garkuwa isasshiya, shi ya sa ya wajaba iyaye su tanadar masa malafa da riga mai dogon hannu da man kariya daga rana, domin ciwon dajin fata ya fi saurin kama shi. Suratur Rum ta ambaci bambancin harsuna da launuka a cikin ayoyin Allah, saboda haka babu launin da yake aibi.

Duk da haka man bilicin ya yawaita a kasuwanni, mata har da maza suna saye, wasu ma a haɗa musu a kwalba marar suna. Sinadarai uku ne suka fi yawa a cikinsa. Na farko zaiba, watau makuri, wadda ke ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono. Na biyu haidirokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu. Na uku maganin sitiroyid, wanda likita kan rubuta na ɗan lokaci domin wata cuta, amma idan aka mai da shi man yau da kullum sai fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa, yana kuma iya jawo hawan jini da ciwon sukari. A shekarar 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Minamata domin taƙaita amfani da zaiba, har da wadda ake sa wa a man shafawa. A 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'ar Nijeriya.

Ƙa'idar shari'a a nan a fili take: an hana mutum ya cuci kansa ko ya cuci wani. Maganin tabo ko cuta bisa umurnin likita neman lafiya ne. Ɗaye launin da aka halicci mutum da shi da abin da ke kashe ƙoda kuwa cutar da kai ce. Mazan da ke kushe launin matansu, da iyayen da ke shafa wa yara irin wannan mai, su sani suna da kaso a cikin alhakin. Haka nan a yi hattara da baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi, domin yana sa wasu kumburi da ƙuraje masu ruwa.

LOKACIN ZUWA ASIBITI

Akwai alamun da man kaɗe ba ya maganinsu. Tabon da ya fi sauran jiki haske, wanda kuma ba ya jin taɓi, yana iya zama farkon kuturta. Cutar tana warkewa sarai, tun shekarar 1995 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganinta kyauta. A nan kusa, a Saye, akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta. Wanda ya je da wuri yakan tsira da yatsunsa, ɓoyewa ce ke kai mutum ga nakasa. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, ya kuma kama mutanen ɗaki guda, alamar ƙazuwa ce, sai an yi wa kowa magani tare an kuma wanke shimfiɗu, abin da ya kamata malaman makarantun allo su lura da shi. Makero a kan yaro yana bukatar maganin sha, shafe-shafe kaɗai ba ya isa. Gyambon da ya yi makonni bai warke ba, ko tabon da ke girma yana jini, a kai shi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Jiki amana ne a hannun mai shi. Wanda ya san irin fatarsa, ya ba ta abin da take bukata, ya kare ta daga abin da ke cutar da ita, ya sauke wani yanki na wannan amana, zai kuma tsaya ga alwalarsa da sanyin asuba ba tare da raɗaɗi ba. Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya ba da lafiya mai amfani, Ya sa a dace. Amin.