RUWAN ZARTSI DA RUWAN DA GUBA TA SHIGA: ABIN DA YA KAMATA MAZAUNA FATAKWAL DA ANACHA DA INUGU SU SANI

Mutumin da ya tashi a Arewa ya saba auna ruwa da ido. In ya ga garau ne ya sha, in gurɓatacce ne ya sa alif ya bar shi ya kwanta, ko ya tafasa. Wannan dabara tana maganin laka da ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa gishiri ko gubar masana'antu, waɗanda su ne damuwar wasu garuruwan Kudu inda 'yan'uwanmu ke fatauci da sana'ar garuwa.

Fatakwal tana bakin Kogin Bonny, wanda teku ke cika shi ta janye sau biyu kowace rana. A cikin kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, alhali ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ba ta yarda duk abin da ya narke cikin lita ɗaya ya wuce miligiram 500 ba. Saboda haka birnin ya dogara ga rijiyoyin burtsatse. To, a nan ma akwai hatsari. Ruwan daɗi ya fi na zartsi rashin nauyi, don haka a ƙarƙashin ƙasa yana bisa, na zartsi yana ƙasa. In aka yawaita rijiyoyi kusa da gaɓa, injuna suna zuƙa dare da rana, sai na zartsi ya taso ya shiga rijiya, kuma da wuya ta sāke komawa daidai. Maganinsa shi ne a rage zuƙa, a ba da tazara tsakanin rijiyoyi, kada kuma a haƙa sai da shawarar masana. Tafasa ruwan zartsi kuwa ƙara masa zartsi yake yi, domin ruwa ne ke tashi tururi, gishirin yana nan.

Gishiri dai harshe yana jin sa. Wanda ya fi muni shi ne man fetur. A watan Agusta na 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni, gabas da Fatakwal. Masu binciken sun tarar da mutanen Nisisioken Ogale suna shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi fiye da sau 900. A wurin sun auna tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce gyaran ƙasar na iya cin shekara 25 zuwa 30, Gwamnatin Tarayya kuwa ta ƙaddamar da aikin a Bodo a 2016. Duk ruwan da ke warin kananzir, ko mai wani kyalli kamar bakan gizo a samansa, ba na sha ba ne, ba na girki ba ne, ba na alwala ba ne.

A Inugu matsalar daga kwal ta samo asali. Tun 1909 aka gano shi a tsaunukan Udi. Duwatsun da ke tare da shi suna da farar wuta, in suka haɗu da iska da ruwa sai su zama ruwa mai tsami mai narkar da ƙarfe, wanda ke tsiyayowa daga tsofaffin ramuka irin na Onyeama zuwa Kogin Ekulu, ya bar jan tabo a duwatsu. A ma'aikatar ruwa da farar ƙasa ake kashe tsamin, ƙarfen ya kwanta. Ƙasar birnin ba ta ba da ruwan burtsatse sosai, shi ya sa unguwanni kamar Uwani suke sayen ruwan tanka, yawanci daga Ninth Mile. Mai saye yana da haƙƙin ya tambayi inda aka ɗebo.

Anacha tana nesa da teku, ruwan Kwara a can ba shi da zartsi. Abin tsoro shi ne baƙin mai da ruwan batir da dattin kasuwa da lambatu ke kwararawa cikin kogi. Batir yana ɗauke da dalma, mutanen Arewa kuwa ba su manta da yara fiye da 400 da gubarta ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, sai ɗakin awo ne ke gane ta.

Magana ta musamman ga 'yan garuwa, tun da ta hannunsu ruwa ke shiga gidaje da yawa: jarka ko duron da aka taɓa zuba fetur, ko maganin ƙwari, ko wani sinadari, wanki ba ya tsarkake shi, domin roba tana shan guba ta riƙa sakinta a hankali. Arhar irin wannan jarka ba riba ba ce. Mai tarar ruwan sama kuma ya bar na farko ya wanke kwano ya zube, musamman a Fatakwal inda baƙin hayaƙi ya addabi jama'a tun daga 2016. In an ga mai ya malala, a sanar da Sarkin Hausawa da hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 don wannan aiki, a kuma daina ɗiba daga wurin har a auna ruwan.