Ragowar Abincin Yara Ta Zame Mini Matsala

Anti, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, kuma yawan ci ne damuwata. Hidimar 'yan makaranta ba ta barina in karya kumallo, sai azahar nake zama, in na zauna kuwa sai na tashi da malmala biyu. Duk abin da yara suka rage ni ke cinyewa, don an tarbiyyantar da mu cewa zubar da abinci alhaki ne, ga tsadar hatsi. Da dare bayan tuwo sai maigida ya shigo da tsire da lemon kwalba, in na ƙi ci ransa ya ɓaci. Yanzu jikina ya yi nauyi, ƙwannafi na hana ni barci. Mahaifiyata na da ciwon suga, abin yana ba ni tsoro. Ina mafita?

Uwar yara, daga Gusau

Ƙanwata, tsoron alhakin abinci tarbiyya ce ta gari, Allah ya saka wa iyayenki. Sai dai lomar da aka cusa wa cikin da ya riga ya cika ita ma ɓarna ce: ba ta amfani kowa ba, ke kuma ta cutar da ke. Aya ta 31 a Suratul A'araf da ta halatta ci da sha, ita ce kuma ta hana wuce iyaka. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya kasa ciki uku: abinci, ruwa da numfashi.

Daga tukunya gyaran zai fara. Rage awo, ki zuba wa yara kaɗan kaɗan, wanda bai ƙoshi ba a ƙara masa. Abin da ya saura ki miƙa wa mabukaci tun yana da kyau, ko ki adana, da safe ki ɗumama shi ya yi zafi sosai. Ɗumamen nan shi ne karin kumallonki, domin wuni da yunwa ne ke sa ki afka wa abincin rana.

In za ki ci, zuba naki a kwano, ki zauna, ki ajiye waya, ki tauna a tsanake. Saƙon ƙoshi kan ɗauki kusan minti 20 kafin ƙwaƙwalwa ta tabbatar da shi, shi ya sa mai ci da sauri ke zarce ƙoshi bai sani ba. Malmala ɗaya ta isa in kin haɗa da miyar ganye, wake ko kwaɗon zogale.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da babba ke sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo guda kan cinye fiye da rabin wannan. Ki gode wa maigida, ki bayyana masa tsoronki cikin lalama, ki roƙe shi tsarabar ta koma gwanda ko kankana, tsiren kuma a ci tare da yara da wuri. Ki bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin dare da kwanciya, ƙwannafin zai ragu.

Ki guji shayin rage ƙiba na talla. Tunda akwai ciwon suga a gidanku, ki je asibiti a gwada miki suga da hawan jini cikin makon nan. In kina da juna biyu ko kina shayarwa, ki tuntuɓi likita kafin ki rage ci. Allah ya ƙara lafiya.