Darasi: Kula da sokawen gida kafin ya halaka maka kifi da kaji

Yau zan yi magana kan sokawe, saboda da yawanmu a cikin gida muke kiwon, ga rijiya, ga kududdufin tarwaɗa, ga ramin bayan gida, duk a fili ɗaya.

Mu da ke Yauri, Ngaski da Shanga, lamarinmu daban ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya matso kusa da garuruwanmu. Kuma sau biyu Kogin Kwara yake kawo ruwa: na damina wajen Agusta zuwa Oktoba, sai wanda ke gangarowa daga Gini da Mali wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wato ko an ɗauke ruwan sama, ƙasar bakin tafki tana nan a jiƙe. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta shanye ƙazanta, sai ta bi ta ƙarƙashi ta faɗa rijiya. Daga nan sai gudawa a 'yan tsaki, kifi su riƙa tasowa suna haki, iyali kuma ga kwalara.

Ga yadda nake ba da shawara:

1. Maris zuwa Afrilu: buɗe murfi, ka ja da baya iska ta fita. Naɗa farin tsumma a doguwar sanda, ka zura har ƙasa. In baƙin dagwalo ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, kira masu kwasa. A bar ɗan kaɗan a ƙasa, ƙwayoyin da ke cikinsa ne ke narkar da sabuwar ƙazanta.

2. Kafin ruwan farko: liƙe tsagar siminti, ɗaga bakin murfi ya fi ƙasa tudu, karkatar da ruwan indararo nesa da ramin.

3. Cikin damina: duk mako ka leƙa. Wari, ƙasa mai laushi, ko ciyawar da ta fi sauran kore a kan ramin, alamar yoyo ce. Kada a kwashe shi ƙaf lokacin da ƙasa ta cika da ruwa, bango na iya ruftawa.

4. Kowane lokaci: ruwan da ka sauya wa kifi kai shi lambu, kada ya shiga sokawe. Haka kashin kaji da ruwan Izal na wankin keji.

Mai shirin sabon gini ya bar aƙalla mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, kuma ramin ya kasance ta gangare.

Don Allah kada kowa ya shiga ramin, kada a haska da ashana. Iskar ciki tana kashe mutum cikin mintuna, tana kuma kama wuta.

Kuɗin kwasa bai kai asarar kifi dubu ɗaya ba. Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.